Kuskuren Malam Modu

Zulfa ta gaji da sababbin zuwa, gajiya ba ta wasa ba. Abin da suke ginawa wasan waya ne mai suna Fadama, mutum ashirin ke shiga lokaci guda, kowa da kwalekwalensa da komarsa, ana rige-rigen kamun kifi kafin ruwa ya janye. Lambobin manhajar a buɗe suke a intanet, duk mai so ya karanta ya gyara, aikin sa kai ne zalla. Malam Modu mai koyar da kwamfuta a Haɗejiya shi ya kafa shi, ita kuma aka bar mata karɓar sababbi: ta nuna musu yadda ake sauke manhajar, ta ba su ɗan aiki, ta duba abin da suka turo.

Mutum biyar ta karɓa bayan ƙaramar salla. Ɗaya ya ce kwamfutarsa ta mutu, biyu noman shinkafa ya ɗauke su, na huɗu kuwa ko sallama babu. Saura Yagana 'yar Guri, tsohuwar ɗalibar Malam, wadda ta gama a sati guda abin da wasu ke cin wata a kai. Sai ga shi ita ma ta yi tsit, har kwana goma sha ɗaya. Zulfa ta riga ta yanke a ranta cewa in wannan ta tafi, ita ma ta ajiye. Mutum biyu ba sa riƙe wasa irin wannan, kuma abin yana mata ciwo ƙwarai.

Ran Asabar da hantsi sai ga Yagana a ƙofar gida, da littafi a ƙarƙashin hijabi. Aka gaisa, aka sha ruwa, aka tambayi mutanen Guri ɗaya bayan ɗaya. Zulfa dai jira take a ce mata an gode da ɗawainiya.

"Anti, na gano abin da ke toshe hanyar ruwa," in ji Yagana, idonta a ƙasa.

Wannan matsala ta addabi kowa. Da sabis ya ɗauke wa ɗan wasa, sai kwalekwalensa ya tsaya cak a tsakiyar mashigi, sauran su jeru a bayansa suna zage-zage. Yagana ta buɗe littafin. Da biro ta rubuta gyaran, layi tara, tsaf.

"To me ya hana ki turawa? Kin san yadda ake yi, ni na koya miki."

"Wajen da kuskuren yake, Malam ne ya rubuta. In na tura kowa zai ga sunana a kan nasa. Ku ba shi a ɓoye, ya sa da hannunsa, kar ma ya san ni ce."

Zulfa ta dube ta, ta rasa dariya za ta yi ko rungume ta. Ashe kwana goma sha ɗayan nan ba gudu ba ne, kunya ce! Ita da ta rubuta jagorar sababbi shafi huɗu, har da yadda ake yi in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ba ta taɓa tunanin rubuta cewa an yarda a gyara wa malami ba.

"Sa takalminki," ta ce.

Suka sami Malam a zaure yana duba takardun ɗalibai. Yagana ta durƙusa can nesa kamar mai jiran hukunci. Ya karɓi littafin, ya gyara tabarau, ya karanta sau biyu. Sannan ya ɗago kai.

"Wata uku nake farautar abin nan," ya ce. "Na zargi sabis, na zargi wayoyin mutane, har Zulfa na zarga a raina, Allah ya yafe mini. Yagana, tura shi yanzu, da sunanki."

"Malam, kowa zai gani."

"To don wa aka buɗe shi in ba don a gani ba?"

Ya tura mata kwamfutarsa. Ta shigar da layukan. Shi kuma ya rubuta a ƙasa, inda duk mai shiga zai karanta, cewa kuskurensa ne, ɗalibarsa ta gano, ya gode. Suka gwada da wayoyi uku, Malam ya kashe datarsa da gangan. Kwalekwalensa ya gangara gefe, na Zulfa ya wuce sumul. Zulfa ta sauke ajiyar zuciya.

Yagana ta karɓi littafinta amma ba ta tashi ba. Ta ɗan matso kusa da Zulfa, ta rage murya, sai dai zauren ƙarami ne.

"Anti, akwai sauran kurakurai shida."

Malam ya cire tabarau. "Duk nawa?"

"Biyu na Anti ne."

Zulfa ta yi dariya har da hawaye, ta jawo littafin gabanta, ta ce a fara da nata.