Finjali a Kan Teburin Kanar

Cajar mota guda ɗaya ce a garejin gidan, gidan kuwa bene ne mai hawa biyar a unguwar Jubaiha da ke Amman, iyalai goma, motocin lantarki bakwai. Ranar da aka kafa ta, kwamitin gida ya manna takarda a bango: kowa ya rubuta sunansa da lokacinsa, batir ya kai kashi tamanin a cire, a ba na baya. Takardar ta yi kyau ƙwarai, har leda aka sa mata.

Abu Muhannad na hawa na biyar bai taɓa karanta ta ba. Kanar ne mai ritaya, mutumin garin Salt, kuma a ganinsa da batir da cikin baƙo duk ɗaya ne, abin kunya ne a bar shi da sauran wuri. Doguwar farar motarsa ba ta zuwa ko'ina sai masallaci da gidan burodi, amma kullum tana maƙale da caja kamar ɗan maraƙi da hantsar uwa. Sau ɗaya Dakta Nizar, likitan haƙori na hawa na biyu, ya rubuta a zauren WhatsApp na gidan cewa "wasu" su ji tsoron Allah. Wata takwas ke nan ba sa gaisawa, kuma Kanar ya koma kai haƙoransa garin Zarka.

Ranar Talata da ƙarfe takwas da kwata na safe Sundus, 'yar hawa na uku, ta sauko gareji, rungume da kundinta kwafi huɗu da faranti biyu na baklawa, kayan zaƙin biki. Da ƙarfe ɗaya na rana za ta kare kundin digirinta na biyu a jami'a a Karak, tafiyar awa biyu, a gaban malamai huɗu. Ɗayansu daga Irbid zai taso, kuma ya faɗa ya maimaita cewa in aka ɗaga ranar, sai zangon karatu na gaba. Aikin shekara uku ne. Mahaifiyarta ta riga ta yi gaba tun shekaranjiya don ta ɗora mansaf, shinkafa da naman rago, na mutum sittin.

Ƙaramar motar Sundus tana da kashi shida. Sunanta yana kan takarda tun biyar na yammacin jiya, da rubutunta mai kama da jerin tururuwa. Sau uku ta sauko jiya, ta kalli farar motar, ta koma sama. Sau biyu ta rubuta wa Kanar saƙo, ta goge. Ta kwanta da yaƙinin cewa zai cire da asuba in zai tafi masallaci. Ashe da ƙafa ya tafi.

Fitilar cajar ta yi kore, allon yana nuna ɗari. Ta waiga hagu, ta waiga dama, ta ce bismillahi, ta kama kan wayar ta ja. Ko gezau. Muddin mota na kulle, kan waya na kulle, sai mai makulli. Ta duba wayar hannunta: tashar caji mafi kusa, ta bakin shatale-tale, motocin haya goma sha ɗaya ne a layi, kuma kashi shida a hawa da gangaren Amman ba abin da mutum zai jingina da shi ba ne. Bas ɗin Karak kuwa ba ya tashi sai kujerar ƙarshe ta sami mai zama. Ta yi lissafi: in ta sa cajar yanzu-yanzu, zuwa sha ɗaya za ta sami abin da zai kai ta da ƙyar.

Ta ajiye kayan a kan motarta ta hau bene. Sundus mace ce da in mai shago ya ba ta abin da ba shi ta tambaya ba, sai ta yi godiya ta tafi da shi gida. A hawa na huɗu ta tsaya ta gwada jumlarta a hankali. A hawa na biyar ta manta ta.

Ummu Muhannad, matar Kanar, ce ta buɗe, gajeruwar mace mai idon da ba ya barin komai ya wuce.

"Sundus! Shigo 'yata, shigo. Abu Muhannad, rufe tumbinka, mun yi baƙuwa."

Kanar yana zaune a falo cikin jallabiya, yana tsoma burodi a mai da garin ganyen zatar, yana yi wa mai karanta labarai a talabijin gyara.

"Ina kwana, Ammu," in ji Sundus, wato baffa a bakin mutanen nan.

"Lafiya lau. Ke ce ta hawa na uku? Mai motar nan da ke kama da injin wanki?"

"Ni ce, Ammu. Dama..."

"Nawa aka saye ta? Kada ki faɗa, an cuce ku. Zauna."

Ta zauna a bakin kujera. Ta sake cewa "dama", ya shiga labarin yadda ya zaɓi tasa motar daga cikin motoci ɗari biyu. Ta ce "Ammu, maganar gareji", ya ce ai dama yana so ya yi maganar garejin nan, wani yana zubar da bawon lemo kusa da tayarsa, kuma ya san ko wane ne, mai cire wa mutane haƙori ne. Agogon bango ya ce tara saura kwata.

Ummu Muhannad ta kawo butar gahawa. Kanar ya miƙe da kansa, don a gidansa ba mai zuba wa baƙo sai shi. Buta a hagu, finjali a dama, ya zuba ɗan kurɓi uku ya miƙa mata, ya tsaya a kanta yana jira ta sha. Ta karɓa. Finjalin yana da zafi, farar rigar da ta goge tun jiya tana ƙarƙashinsa. Don kada ya zube, sai ta ɗora shi a kan tebur.

Ummu Muhannad ta kai hannu ta kashe talabijin.

Kanar ya kalli finjalin, ya kalli Sundus, ya sake kallon finjalin. "Wa aka kashe?"

"Na'am, Ammu?"

"Kin ajiye min gahawa a gidana. Na ce wa aka kashe? Ko 'ya kika zo nema wa ɗan'uwanki? Namu duk sun tafi, saura wannan tsohuwar, in yana so ya zo da mota."

Sai a lokacin ta gane abin da ta yi. Tana ƙarama ta sha leƙen kakanta a Karak ta bayan labule, in ya jagoranci dattawa zuwa neman sulhu ko neman aure: a zuba masa, ya ajiye a ƙasa, ba zai sha ba sai mai gida ya ce an biya masa buƙata. Kunya ta kama ta har cikin kunne. Ta miƙa hannu za ta ɗauka ta ba da haƙuri. Idonta ya faɗa kan agogo. Ta janye hannun, ta ɗora a kan cinya.

"Allahu akbar," in ji Ummu Muhannad, ta jawo kujera ta zauna sosai. "Shekara arba'in da ɗaya ina gidan mutumin nan, ba a taɓa ajiye mana finjali ba. Ashe zan gani kafin in mutu."

"Mace ba ta ajiye finjali!"

"To ga shi ta ajiye. Ka gaya wa finjalin."

Kanar ya dire butar. "Na san abin da ya kawo ki. Nizar ne ya turo ki."

Sundus ta girgiza kai.

"To kwamiti. Waɗancan masu takarda da leda."

Ta sake girgiza kai. Ba dabara ba ce, amma shirun ya fi duk jumlar da ta shirya a kan matakala aiki. Kanar ya fara zagaya tebur, hannuwa a baya.

"Ku yaran yanzu ba ku san shiri ba. Soja ba ya kwana da rabin tanki. In wani abu ya faru fa?"

"Me zai faru?" in ji matarsa. "Gidan burodi zai ƙaura?"

"Ke, ba da ke nake ba."

"Ai ni ma ba da kai nake ba, da gahawa nake." Ta taɓa gefen finjalin da bayan yatsa, ta yi tsaki. "Ta fara hucewa. Innalillahi. Bari in kira yayarka a Salt, gara ta ji daga bakina, kada ta ji a gari cewa gahawar baƙuwa ta huce a gidan ƙaninta. Marainiya ma, 'yar maƙwabta."

"Ajiye wayar nan!"

"Ɗan Hajji Mifli, wanda babansa ya yanka ragonsa na ƙarshe saboda baƙon da bai san sunansa ba..."

"Na ce ajiye!"

Gashin bakinsa yana rawa. Tara da minti goma. Ya gyara wuyan jallabiya, ya tsaya ƙyam kamar ana busa masa begila, ya ɗaga murya yadda hawa na huɗu za su ji.

"Sha gahawarki, 'yata. Abin da kika zo nema kin samu."

"Ba ka ma ji abin da take so ba," in ji Ummu Muhannad.

"Ba sai na ji ba! A gidanmu ba ma tambayar baƙo farashin buƙatarsa."

"To na shaida."

Sundus ta ɗauki finjalin ta shanye. Ɗaci, ga sanyi-sanyi. Ta kaɗa shi, alamar ya ishe ta, ta miƙa masa. Kanar ya riga ya sa hannu a aljihu yana laluben makulli, fuskarsa ta mutumin da zai yi kyautar waya ya ci ribar suna. Ita kuwa tana lissafi. Ko an sa mata caja a wannan minti, in ta tashi sha ɗaya motarta za ta mutu ne a hanya, wajen garin Katrana, ita da baklawarta da shekara ukunta.

"Ammu," ta ce, muryar ta fito siririya. "Motarka nake so."

"Eh, yanzu zan sauka in cire miki wayar."

"A'a, Ammu. Waya jiya nake so, ƙarfe biyar. Yau mota nake so."

Daga nan maganar ta ɓalle mata gaba ɗaya: Karak, ƙarfe ɗaya, malamin Irbid, mansaf na mutum sittin, saukowa uku, saƙo biyu da ta goge. Ta gama tana haki, tana kallon kafet.

Kanar ya nemi kujera ya zauna. "Muhannad kansa, ɗan cikina, bai taɓa riƙe sitiyarin motar nan ba."

"Shi ai bai ajiye finjali ba," in ji matarsa.

"To ni zan kai ta."

"Kai? Da kake tafiya arba'in a kan babbar hanya, manyan motoci suna zaginka? Sai ta yi digiri na uku kafin ku isa. Kuma likita ya ce me game da idonka? Mota ta ce, ba ta ce direba ba. Na shaida, ka ji da kunnenka."

Ya ciro makullin ya ɗora a tafin hannun Sundus, ya daɗe bai saki ba.

Kafin su sauka gareji Ummu Muhannad ta riga ta sa abaya ta rataya jaka, wai ba za a bar yarinya ta yi tafiya ita kaɗai a ranar farin cikinta ba, kuma an daɗe ba ta ci mansaf ɗin Karak ba. Ta buɗe gidan gaba ta zauna. Kanar ya cire wayar da hannunsa, ya soka ta a ƙaramar motar Sundus yana kau da kai, sannan ya tsaya yana kallon ƙofar baya ta motarsa kamar bai taɓa sanin akwai ta ba. Ya shiga. Aka ɗora masa farantan baklawa a kan gwiwa.

Sundus ta jawo kujerar direba gaba, ya yi nishi. Ta karkata madubi, ya yi salati. Har suka fita daga Amman yana faɗa mata ramukan da ta riga ta gani. Bayan sun wuce mahaɗar filin jirgi hanya ta miƙe, ya gaji ya yi shiru, ita kuma ta fara bitar jawabinta a ƙasan maƙoshi, maganar gishirin da ke shiga rijiyoyin kudu.

"Me kike cewa?" ya tambaya daga baya.

"Jawabina ne, Ammu."

"Da wannan muryar? Wa zai ji ki? Kin zauna a gidana kin ƙwace min mota, ki je gaban malamai huɗu kina raɗa? Ɗaga kai. Daga farko."

Ta fara daga farko.

"Ban ji ba! Har yanzu ban ji ba!"

"Bar ta ta yi tuƙi, mutumin nan."

"Tana iya yin biyun. Daga farko, 'yata, kamar kina kiran wani a tsallaken kwari."

Sundus ta ja numfashi, ta ƙara taka mota, ta ce, "Malamaina masu girma, assalamu alaikum," da ƙarfin da ya sa Ummu Muhannad ta dafe kunne.