Zakaran da ke Cara a Gaisuwar Tahiru

Tahiru mai gyaran babur ne a bakin tashar Gazawa, kuma ba mugun ɗa ba ne, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Matsalarsa ɗaya, mantuwa. Mahaifiyarsa Inna Balki tana Gangara, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma sai Juma'a ta zo ta wuce bai gaishe ta ba.

Chindo mai cajin waya, maƙwabcin rumfarsa, shi ya kawo masa magani. Wayar Chindo cike take da aplikasiyo iri-iri, na kiran salla, na farashin gero, har da wanda ke karanta wa mutum rubutu.

"Kai dai baƙauye ne," in ji Chindo. "Ga wani nan, ka ɗauki muryarka sau ɗaya, shi zai riƙa aika mata duk Juma'a, ko kana barci."

Washegari da safe Tahiru ya tsaya a tsakar gidansa ya ɗauka. "Inna, ina kwana? Barka da Juma'a. Ya ƙarfin jiki? Mu nan lafiya lau. A sa mana albarka." Shi ke nan fa, ya huta. Saƙo na tafiya, amsar Inna na dawowa, shi kuwa hannu duk baƙin mai, sai ya ce in an jima zai saurara. Ai ya san abin da ke ciki, sa albarka ce. Damina ta wuce, aka yi girbi, har aka yi sunan 'yarsa, Inna ta zo ta koma, aplikasiyo na ta aikinsa.

Ranar wata Laraba yayarsa Munira ta kira shi, ko sallama babu.

"Kai wane irin mutum ne? Ƙafar Inna ta kumbura, ba ta iya takawa. Ta ce tun tuni take gaya maka ka zo ka kai ta likita!"

Ya zauna a kan tsohuwar taya ya buɗe saƙonnin. Innalillahi! Ga su jere, ko ɗaya bai taɓa ba. A na farko tana dariya, tana ba shi labarin akuyarta ta haihu. Can gaba ta ce ƙaya ta soke ta a gona. Can kuma, murya ƙasa-ƙasa, "Auta, wurin nan fa ya ƙi warkewa, in ka samu sarari ka leƙo." Bayan kowane ɗaya kuwa ga muryarsa, fes, yana cewa mu nan lafiya lau. Kunya ta kama shi har ya kasa haɗa ido da Chindo.

Ya hau babur. Duk hanya abu ɗaya yake roƙon Allah, kada Inna ta san na'ura ce ke gaishe ta. Gara ta ɗauka aiki ne ya riƙe shi.

Ya same ta a kan tabarma, ƙafar naɗe da tsumma, wayarta a gefen matashi. Ya durƙusa.

"Inna, sannu. Wallahi aiki ne ya yi mini yawa, ga rezon waya kuma ba kyau..."

"Bar rantsuwa, Auta." Ta dube shi, babu fushi a fuskarta, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. "Ya zakaranka?"

"Wane zakara, Inna?"

"Jan nan da na ba ka. Duk Juma'a, da ka ce ya ƙarfin jiki, sai ya yi cara a bayanka. Na ce ikon Allah, ba shi muka ci tare ranar sunan 'yarka ba?"

Tahiru ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce, "To Inna, tun da kin sani, me ya sa kike amsawa?"

"Muryarka ce ai, ko ba kai ba ne." Ta jawo wayar ta miƙa masa. "Kada ka sa a cire, ka ji? Na saba da ita. Zo ka kama ni mu tafi likitan."