Rinin Ya Kama

'Yar tsoka ce da ba ta kai ɓawon albasa kauri ba, manne a kan gilashi. Daga tumbin Malam Yusufu marini aka yanko ta ranar da aka yi masa aikin ciwon daji, ƙaddara kuma ta kawo ta hannun 'yarsa Rumaisa, mai rina nama a ɗakin gwaji na asibitin Kalgo.

Rinin farko bai raba gardama ba. Likita ya ce a sake da wanda ke baƙanta bangon jijiyoyin jini. In aka ga ƙwayoyin ciwon cikin zoben jijiya, to ya sami hanyar bin jiki. Sau biyu rinin na fitowa dishi-dishi. A na uku ya fito raɗau. Ta leƙa madubin ƙara girman abu, ga baƙin zobe, cikinsa cunkushe da ƙwayoyin. Likita ma ya duba, ya dafa tebur.

Daidai nan yayanta Sule ya bugo waya daga Gwandu. Shi kuwa Sule, Allah ya zuba masa gaggawa, ba ya barin mutum ya kai aya. Ta ce rinin ya kama, kafin ta haɗiye kuka ta ƙarasa, ya rangaɗa hamdala ya kashe. Ta yi ta kira, ina!

To, a gidan marina wace magana ta fi wannan daɗi? Kafin ta isa Gwandu da la'asar an soya wainar sadaka, maƙwabta na ta shigowa barka. Innarta Jummai ta rungume ta tana sa mata albarka. Wallahi Rumaisa ji ta yi kamar ta shaƙe Sule, sannan ta shaƙe kanta.

Tsohon na kishingiɗe a ɗaki, ya rame ƙwarai, kwanon kunu a gefensa ko rabi bai sha ba. Ya sa aka ba su wuri.

"Sau nawa anka tsoma?"

"Uku, Baba."

"Aiki ya yi kyau ke nan." Ya daɗe yana kallon fuskarta. "Shekara arba'in ina bakin karofi, ɗiyata. Sai zane ya sha shuni nike ganin inda zarenai ya lalace. Mi kinka gani?"

Ta gaya masa, ba ta rage komai ba: ciwon ya shiga jijiya. Tsoro ya kama shi, ta gani ƙarara. Daga tsakar gida ana jiyo dariyar Jummai, tana faɗa wai an hana maƙwabciya kasonta.

Tsohon ya share ido da bakin riga.

"Kada ki gaya ma innarki yau. Miƙo man kunun nan, ta shigo ta iske na shanye."