Kwalin da Hawa Ta Bayar

Munkaila mutumin Damagaram ne. Karatu ya kawo shi Alƙahira, da karatun ya gagara sai ya zama direban wata tsohuwar Baturiya mai koyar da fiyano a unguwar Ma'adi. Da za ta koma ƙasarsu bayan yaƙin saba'in da uku, ta bar masa garmaho da kwali biyu na faya-fayai. Hoto ɗaya ne a bayan kwalayen, wani Bature mai gemu yana hararar duniya.

Matarsa Hawa ba ta taɓa son kiɗan ba. Babu waƙa a ciki, babu wurin rawa, goge ne rututu da ƙahoni suna ta kai da komowa har tuwo ya huce. Amma can a tsakiya akwai wurin da komai yake yin tsit, ƙaho ɗaya ya fito a hankali kamar mai kiran wani daga nesa. In an zo nan Munkaila yakan kama bakin zanenta ya ce ta zauna. Wannan wurin ne ya riƙa rera mata da hanci a asibiti ranar da ta yi ɓari na uku.

Ya sha gaya mata labarin mai gemun. Wai yana saurayi ya tsara kiɗan, manya suka yi masa dariya, da ya tsufa sai ya dawo ya yi wa kiɗan aski, ya sake fitar da shi don a yarda da shi. Hawa takan ce to, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ciwon ƙoda ya ɗauke Munkaila a shekarar tamanin da huɗu. Aka zo fitar da kayansa sadaka, amininsa Malam Isufu yana tsaye a kai. Riguna, takalma, agogo. Hawa ta dubi kwalayen, ba ta karanta boko, ta ga fuska ɗaya gemu ɗaya. Me za ta yi da abu ɗaya har biyu? Ta miƙa wa Isufu wanda ya tsufa ya yage a gefe, ta riƙe mai kyaun.

Tana takaba ba ta taɓa garmahon ba. Ranar da ta fita ta yi wanka, ta rufe taga saboda maƙwabta, ta ɗora allura. Ta bi faya-fayan ɗaya bayan ɗaya tana jira. Da aka iso wurin ta gane shi, har ta gyara zama. Sai ganguna suka faɗo, ƙahoni suka ɗauka gaba ɗaya, aka wuce. Ta mayar da allurar baya. Haka dai. A nan maganar askin ta dawo mata: askakken ne ta riƙe. Ta kuma gane abin da ya sa ɗayan kwalin ya yage, ga wannan kamar ba a taɓa buɗe shi ba.

Ta shiga motar haya daga unguwarsu Hadayek har ɗakin Isufu. Ya karɓe ta da mutunci, ya sa aka kawo shayi. Da ta faɗi abin da ya kawo ta sai ya ce ai tun ranar ya farfasa su ya zuba a shara, don kada a yi ta kiɗa ana rubuta wa mamaci zunubi.

"Ma'alish, yi haƙuri, Hajiya. Gata na yi masa."

"Sadaka na ba ka, Malam. Da ka ce ba ka so, da na riƙe abina."

Ya ce ba ga wani can a gida ba, ai duk kiɗa kiɗa ne.

Ba ta sha shayin ba. A mota ta gwada yin wurin da hanci. Farkonsa ya zo, ya hau kaɗan, daga nan ta rasa ko sama yake yi ko ƙasa. Ta sake, ta sake, har matar da ke kusa da ita ta tambaye ta ko haƙori ke mata ciwo.