Tabon da Ba Shi da Yatsu

Aikina duba motocin gyaran wayar lantarki ne, musamman dogon hannun nan na zaren gilashi da danƙo da ke ɗaga mutum sama a cikin bokiti. Ido ba ya ganin cikinsa. Sai mu haska masa fitilu masu zafi, mu kashe, mu kalli yadda yake hucewa a kyamarar gano zafi. Inda ya ɗaye ta ciki, nan zafi ke maƙalewa, ya fito fari.

Jiya na ga farin tabo kusa da gwiwar hannun wata mota. Na ce ai shatin zafin tafin hannuna ne, don kowa a wurinmu ya san in ka dafa, sai kyamara ta tona ka. Na sa hannu a takarda, mota ta fita.

Yau da hantsi ina jera hotunan, na sake cin karo da shi. Tabon ba shi da yatsu. Kuma a hoto na ƙarshe, bayan ko'ina ya huce, yana nan fari fat.

Ƙanena ne ke hawa motar nan.

Sau uku ina kira kafin ya ɗauka. Ina jin iska na kaɗawa a wayar.

"Yaya, lafiya? Ina sama fa, yi sauri."

"Auta, kada ka motsa. Ka ce a sauke ka a hankali, yanzun nan."

Ya yi dariya. "Haba Yaya, ba ke kika duba ta ba?"