Maɓallin da Auta Ya Haɗiye

Ni tela ne, a tsakar gida nake aiki, shi ya sa ba a rasa maɓalli a ƙasa. Ran nan ina ɗinka wa wani direba riga, sai Auta, ɗana mai shekara huɗu, ya zo ya tsaya yana shafa ciki.

"Baba, na sha jan maɓallin nan. Da ruwa na kora shi, kamar maganin Kaka."

A tunanina, abin da ya shiga da ruwa hanyar ruwa zai bi. Na tuna ƙanƙantar ƙofar da fitsarin yaron ke fitowa, na dubi sauran maɓallan. In ya toshe fa?

Mamansa ta tafi kasuwa. Na ɗauko rariyar shayi, na dinga ɗura wa yaron ruwa, duk sanda ya ce fitsari sai in tara masa ita. Ko zare ban kama ba. A haka Maman Auta ta dawo ta same ni a tsugune.

"Baban Auta, rariyata ce wannan?"

"Bincike nake yi."

"Sannu, likita. Ɗauko shi mu je wajen na gaske."

Likitar ta danna cikinsa, ta saurari ƙirjinsa, ta tambaya ko yana tari ko amai. Na ce a'a. Na nuna mata irin maɓallin, ta ce ƙarami ne mai santsi, da sauƙi. Sai na zaro rariyar daga aljihu na yi mata bayani. Ta dubi rariyar, ta ce:

"Malam, ruwan da ya sha hanji ne ke tsotse shi ya shiga jini. Ƙoda biyu suna nan baya, ƙarƙashin haƙarƙari, su ne rariyar. Suna tace jini su fitar da fitsari. Daga kowace ƙoda siririn bututu ya sauko zuwa mafitsara, inda yake taruwa. Daga nan bututu ɗaya ne ya fita waje. Babu ƙofar da ta haɗa hanji da wannan hanya."

"Ke nan ba zai toshe ba?"

"Ba zai ma leƙa can ba. Inda abinci ke fita zai bi. Ƙofar baya za ka koma gadi. In ya fara amai ko ciwon ciki, ku dawo da shi nan take."

Maman Auta ta ce, "Bar masa aikin, likita, hannunsa ya riga ya faɗa."

Haka na koma tsaron fo da ɗan tsinke. Washegari da hantsi sai ga shi, ja jawur, ko ƙwarzane babu. Ban san na yi ƙwalla ba sai da Auta ya ce, "Baba, wari ne ya sa ka kuka?"

Rariyar dai Maman Auta ta ce har abada ta bar mini. A ciki nake zuba maɓallai yanzu, na rataye ta can sama.

Da direban ya zo karɓar rigarsa, ya duba wuya ya ce, "Maigida, ai saura maɓalli ɗaya."

Daga ɗaki Maman Auta ta ce, "An samo shi, ɗan'uwa. In kana so a wanke maka."

Na ce ya zauna, na sauya masa su duka da baƙaƙe.