Gilashi Mai Uku

Saura wata biyu aurenmu na fara zargin Sannu-sannu.

Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa sunan, don ko hannunsa babu komai tafiya yake kamar yana ɗauke da abin da zai fashe. Sana'arsa yankan gilashi da sa tagogi, tawa ɗinkin labule. A bakin wata taga muka haɗu, yana ɗaure firam, ni ina jira ya matsa in gwada faɗi. Sai da ya yi minti goma kafin ya matsa. Ni kuwa na yi wata guda ina tuna yatsunsa, duk tabon yanka, da yadda yake riƙe gilashi kamar mai riƙe jariri.

Ya kama mana ciki da falo a wani sabon gini, da sharaɗin shi zai sa tagogin da kansa. Gilasai shida masu kauri ya tanada, ya jingina su a lungu cikin kwali. Ni kuma na ɗinka labulaye masu ruwan zuma, na ninke su a ƙasan akwatina, ina buɗewa ina shafawa in babu kowa.

Ranar da na je kafa sandunan labule na tarar gilasan sun koma huɗu. Bayan mako guda suka zama biyu. Da na tambaye shi ya ce ya yi amfani da su, ya kau da kai. Ba a jima ba mai walda da ke maƙwabtaka da shagonsu ya tare ni a hanya, yana yi mini jajen barin aikin da angona ya yi. Na yi murmushi kamar na sani. Sai kuma na lura duk Talata da Alhamis da yamma wayarsa a kashe take.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganarsa. Da zancensa kujeru ne da inda za mu sa gado. Yanzu ko me na ɗauko sai ya kai shi sama. In na ce rufin falon ya yi ƙasa, sai ya ce ai ba nan za mu dawwama ba. A coci, in mawaƙa suka ɗauko waƙar gidanmu na sama, sai ya rufe ido hawaye na bin kumatunsa, ni kuma ina daga ɓangaren mata ina kallonsa, ina tambayar kaina wa yake gani a bayan idon nan.

Goggo, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, ba ta ɓata lokaci ba.

"Auta, namiji in ya fara yawan zancen sama, ki duba ƙasa," in ji ta. "Akwai abin da ya binne."

Ta lissafa mini abubuwa uku: ko mace, ko ciwon da yake ɓoyewa, ko 'yan sanda. Ta ce ita ma tana son zuwa sama, amma ba ta taɓa jin an bi ta can da gilashin amarya ba. Sannan ta yanke hukunci: in har Lahadi ta zo ba a san inda gilasan suka shiga ba, za ta je wurin Kawu ta sa a dakatar da sanarwar aure a coci.

Na sake tambayarsa ranar Laraba. Ya roƙe ni in ƙara masa 'yan kwanaki, wai magana ce da ba shi kaɗai ta shafa ba. Wannan kalma ta "ba shi kaɗai ba" ita ta hana ni cin abinci.

Ranar Alhamis na ce wa uwar ɗakina a shagon ɗinki zan je awo, na rataya tef a wuya, na laɓe a rumfar mai gyaran takalmi da ke kallon sabon ginin. Ƙarfe huɗu ya fito da gilashi ɗaya a kafaɗa, naɗe da tsohon bargo. Na bi shi. Bin Sannu-sannu ba wuya, wahalar ita ce kada ka wuce shi. Muka ratsa layin masu katako, muka wuce famfon unguwa, har wani bene mai hawa uku. Ya hau. Daga ƙasan matakala na hango ƙofar da ya ƙwanƙwasa, da matar da ta buɗe: doguwa, kyakkyawa, da zanen gida da goyo a baya. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta matsa ya shiga.

Na zauna a matakala na yi addu'ar da ba ta da kai ba ta da gindi. Na ce Ubangiji, in ɗan nan nasa ne, ka ba ni ƙarfin sauka ba tare da na faɗi ba. Sai na miƙe, maimakon in sauka na hau.

Da ta buɗe na ce mai labule ce, an aiko ni awo. Ta ce ba ta aiki kowa ba, amma in shigo in zama shaida, don yau ta ga abin da ya fi ƙarfinta. Ta ja ni har ɗakin yara. Yana durƙushe gaban taga yana zare robar firam. Da ya ɗago ya gan ni, sukuddireba ta faɗi daga hannunsa.

Matar ba ta lura ba, faɗa take. Wai wannan bawan Allah ya zo da ƙafarsa yana gaya mata cewa shekara biyu da suka wuce shi ya sa mata tagar nan, ya ce gilashi mai kaurin milimita biyar ne, alhali mai uku ne, siriri, wanda ba a sa wa bene. Yau ya kawo mai kaurin zai canja, ba ya son komai. Ta ce ita ba ta yarda ba, ɓarawon zamani da addu'a yake shigowa, ta riga ta kira mijinta.

Bai kare kansa ba. Ya dai sa babban yatsa a tsakiyar tsohon gilashin ya danna kaɗan. Na ga gilashin ya lanƙwasa kamar faranti na roba. Gadon yara yana ƙarƙashinsa, a tsakar gida kuma, hawa uku ƙasa, wasu 'yan mata suna tsallen igiya. Matar ta kai hannu ta taɓa kan goyonta.

Sai da ya gama, ya share wurin, mijin ya zo ya zazzage masa ta cikinsa ya kuma ƙi karɓar hannunsa, sannan muka sauko. A matakala ta biyu na tsaya na ce ba zan ƙara taku ɗaya ba sai na ji komai.

Ya ce maigidansu na shago ne yake sa su ɗaura mai uku a ce mai biyar ne, su kuma suna yi suna shiru. Gidaje goma sha ɗaya ya sa wa da hannunsa, yana tune da kowanne. Watanni uku da suka wuce iska ta ɓalle ɗaya, ya faɗo taƙi ɗaya daga inda wata tsohuwa take wanki. Ya je ya roƙi maigidan a canja sauran, aka nuna masa ƙofa. Tun daga nan yake bi gida-gida. Wannan ne na takwas. Wasu sun gode, wasu sun kore shi, wani ya mare shi. Gilashinmu saura ɗaya, sauran sai ya yi aikin yini ya samo.

Na tambaye shi ko sama yake son saya da tagogin ɗakina.

"Ba a sayenta, Auta. Yesu ya gama wannan tun ban san kaina ba," ya ce. "Amma wanda ya san ana jiransa a gida ba ya barin ɓarna a masaukin da ya kwana. Kullum na tuna can, sai in ga tagogin nan."

"To ni fa? Ni ma masauki ce?"



"Ka bi gidajen mutane kana faɗin gaskiya ana marinka," na ce, "ni da zan zauna da kai ka bar ni ina bin bayanka kamar ɓarauniya. Ni ma mai uku ka sa mini, ka ce mai biyar ne."

Ya zauna a matakala, bargon a cinyarsa. Ya ce mari bai taɓa ba shi tsoro ba, abin da ya ji tsoro shi ne in ji in fasa. Ya ce ya sani wannan ma rashin gaskiya ne, kuma ya fi na maigidansa muni, don babu wanda ya sa shi. Bai roƙe ni in zauna ba. Na so ya roƙa, na kuma ji daɗi da bai roƙa ba.

Na ce ban yi alkawarin komai ba. In yana son a karanta sunanmu ranar Lahadi, ya zo ya maimaita wa Goggo da bakinsa, kada ya rage ko ɗaya.

Ya zo ranar Asabar da hantsi. Goggo ta bar shi a durƙushe, tana tsintar shinkafa a tire, ba ta ko dube shi ba har ya kai ƙarshe. Sannan ta fara. Aiki fa? Yana nema. Damina ta kusa, 'yarta za ta kwana a ɗaki ba gilashi? Zai buga katako da leda kafin ya samu. Ta ce wato ta yi rainon yarinya shekara ashirin don ta kai ta gidan leda. Ta juyo gare ni ta tambaya ko na ji da kunnena. Na ce na ji, kuma labulena masu kauri ne. Ban san na yanke shawara ba sai da na ji ta a bakina.

Goggo ta ajiye tiren. Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da take yi wa mai kifi in ya rantse na yau ne. Can idonta ya sauka a tagar falonta.

"Tsaya tukuna. Ba shagonku ne ya sa mini wannan ba, shekara uku ke nan?"

"Mu ne, Goggo."

"Mai nawa ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Ke ce ta tara, Goggo. Ina ta neman ta inda zan fara."

Ta dubi tagar, ta dubi kujerar da take zama ƙarƙashinta kullum, ta ja kujerar gefe da ƙafa. Na tsaya ina jiran ta nemi mayafinta ta nufi gidan Kawu.

"Talata ƙarfe huɗu," in ji ta. "Kuma ka zo da wayarka a kunne."

Ta ɗauki tirenta ta ci gaba da tsinta.